Garin da magani ya jira shebur: nazarin wani lamari daga Zamfara

Duk shekara, idan muka iso darasin muhalli da lafiya da ɗaliban sashen kiwon lafiyar al'umma, ba na fara musu da ma'anar kalmomi. Labarin wani gari nake ba su kashi-kashi, ina tsayawa a kowace gaɓa ina tambayarsu: ku ne ma'aikatan lafiya a wurin, yanzu me za ku yi? Sunan garin nakan ɓoye shi, don da zarar an faɗe shi wani zai lalubo waya daga aljihu, amsa ta fito tun kai bai yi aiki ba. A nan ma haka zan bar shi. Ya isa a san yana cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, kuma abin da ke tafe ya faru ne tsakanin 2009 da 2022.

Kafin 2010: noma, kiwo, sai dutse

Gari ne mai mutum dubu bakwai zuwa takwas, ya fi ƙauyukan da ke kewaye da shi girma. Da damina a noma gero da dawa da wake, da rani matasa su bazu neman abin kai wa baka. Gidajen na ƙasa ne, tsakar gida ƙasa, ɗakuna da yawa babu daɓen siminti. Matan aure galibi suna cikin kulle, saboda haka duk sana'ar da mace za ta yi a tsakar gida take yin ta, yaranta na wasa a gefenta. Hanyar da ta haɗa garin da Anka kuwa, ruwa na sauka take lalacewa.

Zinare ba baƙo ba ne a ƙasar Zamfara. Farashinsa ne ya tashi. A 2001 farashin oza ɗaya bai kai dala 300 ba a kasuwar duniya. A watan Maris na 2008 ya haura dala 1,000. Zuwa tsakiyar 2010 yana wajen 1,200. Manomin da ya saba jiran kaka kafin ya riƙe kuɗi sai ya samu abin da zai sayar kowane mako.

Ga yadda aikin yake. Maza su shiga rami a daji su saro dutse, a ɗura a buhu, a kawo gari a kan babur. A farfasa shi da guduma ya koma tsakuwa. A zuba a injin niƙa, irin dai wanda ake niƙa dawa da shi, ya fito gari lukui. Wanda bai kai inji ba ya ba matansa su daka a turmi. A wanke garin da ruwa, a shanya, a cuɗa abin da ya kwanta da zaiba ta kama zinaren, a ƙona zaibar ta tashi, ɗan abin da ya rage a kai wa mai sikeli. Ragowar ƙasar a tara ta gefe don ana sa ran sake wanke ta, wani lokaci har gini ake yi da ita. Garin namu shi ne cibiyar wannan aiki a yankin. A bayan gari akwai fili guda na injinan niƙa, kusa da tafkin da mutane da dabbobi ke amfani da shi.

Farkon 2010: agwagi, sannan yara

Agwagi ne suka fara ɓacewa a yankin. An lura, amma ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, sai daga baya da masu bincike suka zo aka tuna. Sai kuma yara. Ɗan shekara ɗaya ko biyu ya fara amai da ciwon ciki, ya ƙi abinci, jiki ya yi laushi, sai taune-taune, idanu su juye, cikin 'yan kwanaki a kai shi makwancinsa. Manya kuwa suna nan a tsaye suna ta aikinsu.

A nan nake fara tsayawa, kuma amsar aji ba ta cika sauyawa ba: maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau. Amsa ce ta mai ilimi. Zamfara na cikin yankin sanƙarau, lokacin zafi ne, ga shi a 2009 annobar ta yi ɓarna sosai a Arewa. Ma'aikatan lafiyar da suka fara ganin yaran ma haka suka ɗauka. Aka ba da maganin maleriya, aka ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A cikin gidaje kuma aka yi abin da akan yi a ko'ina a ƙasarmu idan yaro ya fara taune-taune: addu'a, rubutu, hayaƙi. Yaran ba su daina mutuwa ba.

Abin da ya ƙara rikita lissafi shi ne, a irin waɗannan ƙauyuka ba wuya a gwada yaro a samu maleriya a jininsa. Wanda ya gwada ya ga ta, ya samu amsar da yake nema, ba lallai ne ya ƙara tambaya ba.

Maris zuwa Mayu 2010: abin da jini ya nuna

A watan Maris wata tawaga ta ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, da ke sintirin sa ido kan sanƙarau, ta samu labarin mace-macen yara a ƙauyukan Dareta a Anka da Yargalma a Bukkuyum. Ganin magani ya ƙi ci, ga kuma injinan niƙan dutse a tsakiyar mutane, suka ce ruwa ba ya tsami banza. Suka ɗebi jinin yara 8 masu alamun cutar suka aika wani ɗakin gwaji a Jamus. Dalma ce. Ana auna ta da maikirogiram a kowace desilita ta jini, kuma abin da aka samu a yaran ya kama daga 168 zuwa 370.

Nakan rubuta wa ɗalibai ma'aunin a allo don su ga nisan. Babu adadin dalma a jinin yaro da aka tabbatar ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce daga 5 a tashi a nemo inda take fitowa. Daga 45 ake ba da maganin da ke janye ta daga jiki. Daga 70 zuwa sama ana tsoron kumburin ƙwaƙwalwa da mutuwa.

A watan Mayu cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiya ta tarayya suka shiga ƙauyukan biyu gida-gida, tare da injiniyoyin muhalli na kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith. Gidaje 119 suka zagaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a watanni 12 da suka gabata, wato ɗaya cikin huɗu, kuma kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sai da suka yi taune-taune. Cikin yara 204 da aka gwada, 198 sun kai 45 ko sun wuce. 'Yar na'urar gwajin jini da aka zo da ita iyakarta 65; daga nan sai dai ta nuna abin ya wuce lissafinta, har sai da aka riƙa sirka jinin kafin a samu adadi. An ga yaron da ya kai wajen 700.

Ƙasar tsakar gida ma aka auna, da wata na'urar hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta faɗi ƙarfen da ke ciki nan take. Iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin ga wurin wasan yara ita ce kashi 400 cikin miliyan. Kashi 85 cikin 100 na gidajen sun wuce haka, wasu wuraren sun haura 100,000. Kashi biyu cikin uku na gidajen sun ce a cikin gida suke sarrafa dutsen.

Yadda ƙura ke shiga cikin yaro

Wannan gaɓar nakan ba ta darasi guda cur, don ita ce ɗalibi zai tafi da ita duk inda aiki ya kai shi.

Jijiyar dutsen da mahaƙa suka faɗa wa tana ɗauke da dalma mai yawa tare da zinaren. Asalin ma'adinin shi ne dutsen nan mai ƙyalli ruwan toka da kakanninmu ke niƙawa su yi tozali. (A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da dalma ta hau jininsa, da aka auna tozalin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Ajin kan yi tsit a nan, don kusan kowa an sa masa tozali yana jariri.) A Zamfara, ruwa da iska sun daɗe suna cin dutsen har wani sashe nasa ya rikiɗa zuwa nau'in da ke narkewa cikin sauƙi a ruwan ciki. Niƙa kuma ya mai da shi ƙura mai laushin da ke manne wa hannu.

Sai na ce su rufe littafi su bi yaro ɗan wata goma sha huɗu tun safe. Ya tashi a kan tabarmar da ke shimfiɗe a ƙasa. Ya rarrafa tsakar gida, inda jiya aka shanya garin dutse. Ya sa hannu a baki, ya sa ludayin da ya tsinta, ya sa ƙasar kanta. Uwa ta daka hatsi a turmin da aka daka dutse, ko ta kai niƙa injin da ya niƙa shi, ta shanya tsabar a ƙasa. Uba ya dawo da yamma fari fat da ƙura, yaron ya ruga ya ɗafe masa riga. Ba dalmar da ya sha a rana ɗaya ba ce. Ta kowace rana ce. Binciken da aka yi daga baya kan abinci ya nuna gurɓatar hatsin yawanci bayan girbi take faruwa, wajen sussuka da shanya da daka, fiye da a gona.

Dalilin da ya sa manya ke tsaye yara na faɗuwa: daga abin da aka haɗiye, cikin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa. In yana fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi, ko cikinsa ba abinci, tsotsar ta ƙaru, don jiki na karɓar dalma ta ƙofar da yake karɓar waɗancan. Ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. Dalmar da ta bar jini ba duka ke fita ba. Mafi yawanta ƙashi take komawa ta kwanta shekaru. Yarinyar da ta taso da ita, ranar da ta samu ciki, ƙashinta zai sake ta zuwa ga ɗan da ke cikin.

Yuni 2010 zuwa Maris 2011: an share maƙwabta

Abubuwa uku aka sa a gaba. Na farko, a fitar da niƙa da wanki daga cikin gari. Hukumomi sun sanar da haramta haƙar, amma da zinare a wannan farashi sanarwa ba ta tsayar da kowa ba. Abin da ta fi jawowa shi ne mutane su riƙa ɓoye aikin. Umarnin da ya fi tasiri daga fada ya fito, ta bakin sarakunan Anka da Bukkuyum zuwa hakimai da dagatai: a yi aikin, amma can bayan gari.

Na biyu, a kwashe gurɓatacciyar ƙasa. An yi Dareta da Yargalma a watannin Yuni da Yuli na 2010, ana tsere da damina. Daga Oktoba zuwa Maris na 2011, da tallafin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi ƙauyuka biyar: Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza.

Na uku, magani. MSF ta buɗe ɗakunan kwanciya a asibitocin Anka da Bukkuyum, daga baya ta koma ba da magani a ƙauyukan. Maganin, DMSA, sha ake yi, yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Zagaye ɗaya kwana 19 zuwa 28 ne, kuma da wuya ɗaya ya isa, don ana gama share jini ƙashi zai sake zubo wata. Wani nazari na shekarar farko ya bibiyi zagaye 3,180 da aka ba yara 1,156. A ƙauyukan da aka share aka kuma yi magani, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Kafin wannan zango ya ƙare an riga an auna garin namu, an san halin da yake ciki. Girmansa ya sa aikinsa zai ci kuɗi da yawa. Kuɗin tallafi suka ƙare a kansa.

2011 da 2012: jira

MSF ta ƙiyasta yara kusan 1,500 ne a garin ke cikin haɗari, ta kuma ce ba za ta fara shirin magani a can ba sai an kwashe ƙasar.

Babu shekarar da wannan bai tayar da gardama a aji ba. Na tuna wata ɗaliba da ta miƙe, muryarta na rawa, ta ce, "Malam, yanzu ga likita ga magani, sai a zuba wa yaro ido ana jiran ma'aikatar muhalli?" Na ce mata tambayar a kan hanya take, mu bi ta da lissafi. An ba yaro magani kwana 19, dalmarsa ta sauka. Ya koma tsakar gidan da ya kwaso ta. Cikin makonni ta dawo inda take. Ƙari a kan haka, akwai fargabar cewa shan maganin alhali yaro na ci gaba da haɗiyar ƙura zai iya ƙara masa tsotsar dalmar daga hanji. Maganin kansa yana da nauyi: yana iya taɓa hanta, yana iya rage ƙwayoyin jini masu kare jiki, sai ana bi ana gwadawa. Kamar mai kwashe ruwa ne daga ɗaki rufin na yoyo, ga hadari ya sake haɗuwa. Ta zauna, ba don ranta ya so ba. Ni ma ban nemi ransu ya so ba. Ina son su ji nauyin da waɗanda suka yanke wannan shawara suka ɗauka.

Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 don shara da magani da gyaran hanyar haƙa. A watan Fabrairu na 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da bayani kan halin da yaran ke ciki. A watan Mayu aka yi babban taro a Abuja kan lamarin. Ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai da aka sa ran gani ba su halarta ba, kuɗin kuma ba su fito ba. Damina ta sauka, hanya ta yanke, shekara ta tafi.

A ƙarshen 2012 matasa suka ɗauki maganar zuwa intanet. Hamzat Lawal da abokan aikinsa na shirin Follow The Money suka yi ta yaɗa sunan garin a Twitter, wasu suka cika shafin Facebook na shugaban ƙasa da tambaya ɗaya: ina kuɗin? Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, ya je garin ya gani da idonsa. A ƙarshen Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin.

2013: shebur, sannan magani

Cikin makonni aka fara aiki. Ma'aikatan muhalli na jihar Zamfara da suka koyi aikin a ƙauyuka bakwai na baya su suka riƙe shi, ƙwararru na ba da shawara, leburori kuma 'yan garin ne.

Aikin gida ɗaya haka yake tafiya. A fara da maigida a zaure, ma'aikata mata su shiga ciki su yi wa matan gida bayani, don ba a shiga gidan kulle kai tsaye. A zana taswirar gidan, a bi shi da na'ura taki-taki. Inda dalma ta haura kashi 1,000 cikin miliyan a kankare ƙasar sama kimanin santimita 5 da fartanya da shebur. Inda take tsakanin 400 da 1,000 a rufe da sabuwar ƙasa. A fitar da kayan ɗaki, a share, a wanke daɓen siminti inda akwai shi. Ƙasar da aka kankare a ɗura a buhu, a tura a baro zuwa mota, a kai ramin da aka haƙa musamman a binne. A sake aunawa. In ta yi, a shimfiɗa ƙasa mai tsabta da aka ɗebo daga wurin da aka gwada, wadda dalmarta ba ta wuce 25 ba. Haka aka bi gidaje, aka bi hanyoyi da kududdufai da filin injinan nan na bayan gari.

A watan Afrilu MSF ta fara gwaji da magani ga yaran unguwannin da aka gama. A watan Yuli aka kammala sharar.

Jimillar ƙauyuka takwas, daga 2010 zuwa 2013: an kwashe ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820, yawanci da hannu. Dalmar ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin 100. Yara 2,349 sun sha magani. Matsakaicin dalmar jinin ƙananan yara ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekaru huɗu. Yaran da suka rasu a annobar sun haura 400.

2014 zuwa 2022: ƙurar da ke dawowa

Haƙa ba ta tsaya ba, kuma an samu gidajen da suka sake gurɓata: wani ya ɓoye buhun dutse a ɗaki don tsoron ɓarayi, wani ya dawo da kayan aiki a jikinsa. Abin da ya ci Doma kuma bai bar Awe ba. A 2015 irin wannan ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Daga nan hankali ya koma kan mahaƙin kansa. MSF da ƙungiyar OK International suka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa, da tanadar wurin wanka da sauya kaya a wurin aiki. Awon da aka yi ya nuna feshin ya rage dalmar da ke tashi a iska da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai lalata huhu kuma da kashi 80.

Rashin tsaro ya yi ta katse bibiya a yankin. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disamba na 2024. A farkon 2022 MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha. Daga Mayu na 2010 zuwa Disamba na 2021 ta gwada yara 8,480, ta ba 3,549 maganin janye dalma.

Hukunci

Maganin maleriya da na sanƙarau sun gaza ne don an tsaya a jikin yaro. Alamun sun dace da cututtukan da aka saba gani, kuma ban ga laifin wanda ya fara da su ba. Inda nake ganin giɓi shi ne bayan magani ya ƙi ci. Akwai alamu uku a fili: ƙanana ne kawai ke mutuwa, agwagi sun riga su, kuma sabuwar sana'a ta shigo tsakar gida. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar na'ura. Tambaya suke buƙata, kuma takardar ɗaukar bayanin marar lafiya da muke koyar da ɗalibai da ita ba ta cika tambayar abin da ake yi a gidan yaro ba.

Haramci ya gaza don ya nemi mutum ya zaɓa tsakanin abincin yau da cutar da ba ya gani. Umarnin fada ya yi aiki don bai raba kowa da sana'arsa ba, wurin yin ta kawai ya sauya, kuma ya fito daga bakin da ake jin maganarsa. Feshin ruwa ma ta wannan hanya ya bi.

Abin da ya ceci yaran shi ne jerin da aka bi: a fitar da niƙa, a kwashe ƙasa, sannan a ba da magani, sannan a ci gaba da aunawa. Ina ganin MSF ta yi daidai da ta ƙi juya jerin, duk da ɗacin hakan. Amma daidaiton shawarar ba ya wanke jinkirin. Tun 2010 an san cutar, an san maganinta, an gwada sharar a maƙwabta ta yi. Yaron da aka haifa a garin a shekarar, sai da ya yi rarrafensa ya yi tatatarsa ya kusa shekara uku a kan wannan ƙasa kafin shebur ya iso. Magani na sauke dalmar jini ya hana mutuwa, amma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. Akwai waɗanda suka rayu da makanta ko shanyewar jiki, akwai da yawa da ba a ganin komai a jikinsu sai an sa su karatu. Wannan asara ta shekara biyu da 'yan watanni ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Takardar sakin kuɗi ce ta kwanta a Abuja. Shi ya sa nake sa kasafin kuɗi da aikin majalisa cikin darasin, ko da wasu abokan aiki na ganin ba hurumin sashenmu ba ne.

Ni ma da can jerin gurɓatattun abubuwa nake koyarwa: na iska, na ruwa, na ƙasa, kowanne da iyakarsa. Ɗalibai su haddace, su ci jarrabawa, a kai su asibiti su tambayi uwa zafin jiki da amai su tsaya nan. Yanzu bayan wannan nazari nakan tura su bibbiyu cikin gari, wurin masu gyaran batirin mota, da masu narka tarkacen ƙarfe su zuba tukwane, da masu fentin mota. Ba sa ɗaukar jini, ba sa yi wa kowa wa'azi. Su gaisa, su nemi izini, su tambayi abu uku: ina ake yin aikin, ina ake wanke kayan aiki, ina yara ke wasa da cin abinci.

Ɗalibar nan da ta yi gardama, ita da abokiyarta wurin wani mai gyaran batir suka je. Ta dawo ta ce ya karɓe su hannu bibbiyu, har ya nuna musu yadda yake narka dalma a gwangwani ya gyara kan batir. Da ta tambaye shi, "Baba, yara na zuwa nan?" sai ya nuna mata bayan kanta. Jikansa ne ɗan shekara biyu, zaune a kan wani mataccen batir, yana cin ƙosai da hannu. Ta ce ba ta san lokacin da ta roƙi ruwa ta wanke masa hannu ba. Washegari suka koma da takardar da muka rubuta ta neman a gwada jinin yaron, suka zauna da tsohon suna shawarar inda za a riƙa ajiye shi idan uwarsa ta tafi kasuwa.